Anya Ba Kotun Ce Kurma Ba?

Masu jiran jin yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida a labarin da muke ciki, ku yi mini afuwa, yau ban zo da soyayya ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na haɗiye ta ƙi wucewa, na ce to gara in amayar da ita a gabanku, wanda zai ji haushi ya ji.

Kwanakin baya a wajen wani ɗaurin aure a nan Dutse, muna zaune ana hira, sai wani ɗan uwan ango, lauya ne mai ji da kansa, ya yi wata magana yana dariya. Wai ai kurma ba ya shari'a, sai dai a yi masa. Wai in aka kawo masa ƙarar bebe, danginsa yake kira su faɗi abin da ake ciki, domin shi ba shi da lokacin wasan kwaikwayo da hannu. Aka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa wallahi abincin da ke gabana ya fita raina, domin wannan magana da ya ɗauka raha ce, saura ƙiris ta raba marainiya da gadon ubanta a kan idona.

Ina da ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ce, ba zan faɗi sunanta ba. An haife ta lafiyarta ƙalau a wani ƙauye ta wajen Kiyawa. Tana da shekara uku annobar sanƙarau ta 1996 ta ratsa Arewa, ta kashe dubbai, waɗanda suka tsira kuma da yawa ta tafi da jinsu. Ƙanwata na cikinsu. 'Yan kalmomin da ta fara koya suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba mahaifiyarta ta rasu, aka kawo ta gidanmu, muka tashi ɗaki guda. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk wanda ya zauna da ita mako ɗaya ya san tana da magana, har da gulma da zolaya. In ta shafa haɓa tana nufin babanta. In ta yi kamar tana sara da fartanya, gona ke nan. In ta dafa ƙirji, abin nata ne. In kuwa ta maƙe kafaɗa, to ko jaririn Bahaushe ya san ma'anar wannan.

A 2019 Allah Ya yi wa mahaifinta rasuwa. Ya bar gona da 'yar fadama, ba shi da mata a lokacin, ba shi da wani ɗa sai ita. Ko ɗalibin Islamiyya ya san hukuncin: 'ya mace tilo rabin dukiya take ɗauka, saura ya koma ga ƙanin mamacin. Aka tafi wata kotun shari'ar Musulunci domin rabo. Na bi su ne kawai don in riƙe mata mayafi da jaka, ban san Allah ne Ya kai ni ba.

Da aka kira ƙara, alƙali ya tambaya wa zai yi mata tafinta. Baffanta ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ai 'yata ce, ni nake jin maganarta." Wato mutumin da zai ci gaba ɗayan gonar in ta janye, shi aka ba bakinta ya riƙe. Ba wanda ya ga aibin haka. Alƙali ya ce a tambaye ta ko tana neman rabonta. Baffa ya juya ya yi 'yan wurge-wurgen hannu. Ita kuwa ta shafa haɓa, ta yi saran fartanya, ta dafa ƙirji har sau biyu. Sai Baffa ya ce, "Ta ce ta bar mini, ita mace ce ba ta iya noma ba, in ci gaba da kula da ita." Alƙali kansa na ƙasa yana rubutu. Magatakarda kansa na ƙasa. Ba wanda ya kalli hannun yarinyar, alhali mai magana da hannu ba a jin sa sai da ido.

Aka kawo tawada a dangwala mata yatsa. Ta fizge hannu, ta maƙe kafaɗa, hawaye ya zubo. Baffa ya ce kunya ce da tsoron kotu. A nan ne na manta da cewa ni 'yar rakiya ce, na miƙe na ce, "Allah gafarta Malam, ba abin da ta faɗa ke nan ba!" Wani ma'aikaci ya daka mini tsawa, "Hajiya, zauna, ba a kira ki ba." Baffa ya harare ni ya ce, "Ke 'yar nan, maganar gidanmu ce, ina ruwan dangin uwa?" Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, alƙalin nan mai tsoron Allah ne. Ya ɗago kai, ya dubi yarinyar a karon farko, ya ga kafaɗar nan a maƙe. Ya ajiye alƙalami ya ce an ɗaga shari'a sai an samo tafintan da ba shi da rabo a gadon.

To a ina za a samo shi? Kotu ba ta da shi, ba ta san inda ake samun sa ba, ba ta da kuma kuɗin biyan sa. Ni da maigidana muka shiga nema. Muka samo wani malami da ke koyar da kurame, muka biya masa kuɗin mota ya zo. Ya tsaya gabanta ya fara zuba yatsu kamar ruwan sama, ita kuwa ta saki baki tana kallon sa kamar wanda ke mata Sinanci. Ta mayar masa da nata, shi ma ya yi turus. A ranar na san abin da yawancin alƙalai da lauyoyinmu ba su sani ba har gobe: maganar kurame ba guda ɗaya ba ce.

Akwai wadda ake koyarwa a makarantu. Tushenta daga Amurka ne, wani ɗan mishan baƙar fata, kurma, mai suna Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan irin tasa maganar ta bazu a makarantun ƙasar nan, har da ta Tudun Maliki da ke Kano, wadda aka buɗe a 1977. Ita ce irin wadda kuke gani wani yana yi a gefen allon talabijin lokacin labarai. Sannan akwai tamu ta gargajiya, maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni, suke ciniki da ita a kasuwar Shuwarin, suke neman aure da ita, suke faɗa da ita. Har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zo Kano ta zauna da kurame, ta rubuta littafi sukutum a kanta, ya fito a 2000, ta nuna cewa harshe ne mai ƙa'idojinsa. Abin kunya, baƙuwa daga Jamus ta san darajarta, mu 'yan gida muna kiran ta wasan kwaikwayo.

Wanda ya fitar da mu shi ne wani tela, shi ma kurma, a cikin garin Dutse. A ƙauye ya tashi, daga baya ya yi makaranta, don haka yana jin duka biyun. Ranar da aka koma zama, ƙanwata ta yi wa tela magana, tela ya mayar wa malami da irin ta makaranta, malami ya faɗa wa alƙali da Hausa. Mutum biyu a tsakani kafin kalma ɗaya ta isa kunnen kotu, amma ta isa. Har abin da ba a tambaye ta ba ta faɗa: ta lissafa bishiyoyin mangwaron da ke fadamar, ta nuna wadda babanta ya dasa ranar da aka yaye ta. Aka ba ta rabinta. Wata bakwai muka yi muna zarya kafin a kai nan. Yanzu ku gaya mini, jama'a, marainiyar da ba ta da yaya mai taurin kai, wadda ba ta da mai biya mata kuɗin mota, ina gonarta take a yau?

Shi ya sa nake ce wa lauyan nan, da duk masu irin ra'ayinsa, ku ji tsoron Allah, ku koma ku buɗe littattafan da kuka karanta. Ni sakandare na tsaya, amma tun bayan shari'ar nan na sa an karanta mini, na kuma karanta da kaina. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi laifin da harshen da yake fahimta, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun cikin awa 24, shi ma da harshen da yake ji. Dokar shaida ta 2011, sashe na 176, ta ce wanda ba ya iya magana yana iya ba da shaida da rubutu ko da alamar hannu a gaban kotu, kuma za a ɗauke ta daidai da shaidar baki. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, sashe na 13 nata kacokan a kan samun shari'a yake. A Janairun 2019, 'yan watanni kafin a nemi dangwala wa ƙanwata yatsa, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. A 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa, wanda aka fara ba jagorancinta, James Lalu, shi kansa kurma ne. Jigawa ma tana da tata dokar ta masu naƙasa. Doka dai kam ga ta nan jibge a takarda. Amma takarda ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ta ɗaga hannu ba.

Kuma ko a takardar akwai rami. Tafintan kyauta da tsarin mulki ya ambata na wanda ake tuhuma da laifi ne. Mai neman gadonta fa? Mai neman a raba ta da mijin da ke dukan ta fa? Yarinya kurma da wani ƙato ya lalata, wadda ita ce kaɗai shaidar abin da ya faru fa? Su ne suka fi yawa a barandar kotunanmu, su ne kuma aka bari a hannun dangi. Azzalumai sun san da wannan. Mai neman yarinyar da zai ɓata ya san wadda ba za ta iya kiran sunansa a caji ofis ba ita ce ganimarsa.

In kuma wani ya ce ai wannan dokar Bature ce, mu a Jigawa shari'ar Musulunci muke bi, to ya matso kusa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun daɗe da yanke cewa isharar bebe, matuƙar ana fahimtar ta, tana tsayawa matsayin magana: yana aure da ita, yana saki da ita, yana ciniki da ita, ana kuma karɓar shaidarsa da ita. A cikin Bukhari akwai labarin yarinyar da wani ya fasa wa kai da dutse saboda kayan adonta, aka same ta da sauran numfashi ba ta iya magana. Aka riƙa ambata mata sunaye tana nuna a'a da kai, har aka zo kan sunan mutumin ta gyaɗa. Da wannan gyaɗa kai aka kamo shi, ya amsa laifinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce a kira danginta su yi magana a madadinta ba. Haka kuma ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya samu amintaccen mai karanta masa wasiƙu. To ina muka samo wannan al'ada ta ɗaukar magajin da ke jiran gona a mai da shi tafinta? Ba a boko take ba, ba a Muhammadiyya take ba. Lalaci ne da raini muka haɗa muka sa masa rawani.

Na san abin da za a ce. Za a ce dangi sun fi kowa sanin maganarta. Gaskiya ne, ni ma dangi ce, kuma ni na gane ƙaryar. Amma rikicin kurma da wa yake yawan kasancewa? Da baffa, da miji, da kishiya, da ɗan maƙwabta. Wanda ya fi jin maganarta sau da yawa shi ne abokin shari'arta. Ba a ba kura ajiyar nama. Ɗan uwa ya zauna kusa da ita don ta samu natsuwa, amma bakinta ya kasance a hannun wanda ba ruwansa, wanda aka rantsar.

Za a ce a rubuta mata mana. Da wane karatun? Kurame nawa ne a ƙauyukan Jahun da Miga da Buji da Gwaram suka taɓa ganin cikin aji? Ko wanda ya yi makarantar ma, Hausa da Turanci harsuna ne da bai taɓa ji da kunnensa ba, ya koye su ne a allo. Ka miƙa masa takardar lauya mai shafi biyar, wadda ni mai ji da gani sai na karanta sau uku, ka ce ya sa hannu, sannan ka kira wannan yarda?

Za a ce babu kuɗi. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. Lokacin zaɓe ana sanin inda kurame suke, ana sanin shugabanninsu, ana samo mai fassara ya tsaya gefen ɗan takara a kan dandamali, ana ɗaukar hoto. Ba na musun alherin da aka yi. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba masu naƙasa naira 7,000 duk wata, jihar nan ta yi suna da wannan, kuma ya share hawayen gidaje. Amma sadaka daban, haƙƙi daban. Ka ba mace kuɗin cefane a hannun dama, ka bari a ƙwace mata fadama a hannun hagu, me ka yi mata? Albashin tafinta goma bai kai kuɗin tayar da ayarin motocin babban mutum guda zuwa ɗaurin aure ba.

Kada kuma masu ji su ɗauka sun tsira. Je ka kotun majistare ka ga yadda lauyoyi biyu ke ta ɓarin Turanci a kan tsohon da ya zo daga ƙauye, shi da ake magana a kan rayuwarsa yana tsaye a akwati yana rarraba ido, bayan minti ashirin a taƙaita masa da jimla ɗaya: "An ce ka dawo wata mai zuwa." Je ka ga Bafulatanar ruga da Hausarta ba ta wuce ta sayar da nono ba, ana tambayar ta ko ta amince. Ga mai in'ina da ake katse shi kafin ya kai ƙarshen zance, ga tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta karkata wa harshe, ga makahon da ake dangwala wa yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Yau kai ne mai baki, zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya mai da kai abokin ƙanwata.

Abin da nake nema ba gagara badau ba ne. Ma'aikatar shari'a ta jiha ta zauna da ƙungiyar kurame, a fitar da sunayen masu fassara da lambobinsu, a liƙa a kowace kotu da kowane caji ofis daga Dutse zuwa Birnin Kudu, a kuma riƙa biyan su. A sa kurame masu jin maganar hannu ta gida da ta makaranta a cikin jerin, irin telan da ya cece mu, domin su ne gadar. Babban Joji da Alƙalin Alƙalai su ba da umarni a rubuce cewa duk mai rabo a shari'a, ko ɗan uwan mai rabo, ba ya tafinta a cikinta. In kurma na ba da bayani, a ɗauka da waya a ajiye, ai kowane magatakarda yana da ita a aljihu, don in an ɗaukaka ƙara a ga abin da hannunsa ya faɗa. Kwalejin Ringim da ke horar da masu aikin shari'a ta sa maganar hannu a cikin darussanta, tunda Jami'ar Bayero da ke maƙwabtaka da mu tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, da ƙungiyar lauyoyi reshen Dutse, su ware rana su je inda kurame ke taruwa su bayyana musu haƙƙinsu, domin wanda bai san ƙofa ba ba ya ƙwanƙwasawa. Ku kuma alƙalai, Allah gafarta muku, in mai magana da hannu ya tsaya gabanku, ku ɗago kai. Wannan ba ya cin ko sisi.

Ban kuma bar mu marubuta a baya ba. Ni da kaina na taɓa sa bebe a wani littafina, ɗan aiken gida, ba shi da aiki sai ba da dariya. Masu finafinanmu ma haka suke yi, a sa mutum yana "be-be-be" yana tsalle, yara su haddace su je su yi wa na unguwarsu. Mu muka taya lauyan nan koyon dariyar da ya yi. Na tuba, kuma ina kira ga 'yan uwana marubuta, maza da mata, duk mai son rubuta kurma ya fara zuwa ya zauna da su, ya ga yadda suke hira, ya ga wayonsu da zafin kishinsu, sannan ya ɗauki biro.

Ƙanwata tana nan. Bana ta ba da fadamar an noma mata tumatir da albasa, rannan ta aiko mini da kwando guda. Baffa kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata, ni ma ban fasa gaishe shi ba. Wanda ya ga na yi kuskure a abin da na faɗa, musamman malamai da lauyoyi, ƙofa a buɗe take ya gyara mini, amma ya zo da hujja. Allah Ya ba mu ikon jin wanda ba shi da murya tun kafin ranar da za a rufe bakunanmu, hannayenmu su yi magana. Amin.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, in Allah Ya kai mu.